Babi na Shida: Allon Ƙarfe, Daga Kukawa Zuwa Zariya

Da wuya ka sami ɗan Maiduguri da ya zauna a ajin tarihi bai san hoton nan na Shehu Laminu ba, wanda yake zaune da rawani da manyan tufafi. Yana cikin littattafan makaranta, yana jikin kalanda, masu fenti kuma sun kwafe shi har ba a san iyaka ba. Mun taso muna ce masa hoto, kamar wani ne ya tsaya da kyamara ya ɗauka. Alhali Shehu Laminu, wato Muhammad al-Amin al-Kanemi, ya rasu a 1837, shekara biyu kafin a shelanta wa duniya sana'ar ɗaukar hoto a Faransa.

Ga yadda aka yi. A watan Fabrairu na 1823 Turawa uku suka iso Kukawa ta hanyar Tarabulus da Murzuk da Bilma: Manjo Dixon Denham da Hugh Clapperton da likita Walter Oudney. Denham yana ɗan taɓa zane. Ya zana Shehu, ya zana wani barde cikin sulke daga masu tsaronsa, ya zana mahayin Bagarmi shi da dokinsa cikin lifidi. Da ya koma Landan sai aka miƙa takardun ga wani gwanin sassaƙa a kan ƙarfe mai suna Edward Finden, shi kuma ya mai da su kan alluna, aka buga su cikin littafin tafiyar a 1826. Finden bai taɓa taka ƙasar Borno ba, bai san zafin bazarar Kukawa ba, bai san yadda rawani yake zama a kai ba sai abin da ya gani a takarda. Fuskar da muke ɗauka ta Shehu ce ta bi ta hannun baƙo mai wucewa, sannan ta bi ta hannun wanda ko baƙuntar bai yi ba. In ka sami bugu mai kyau na hoton, ka kusanto da shi idonka. Babu inuwa ko ɗaya a ciki. Duk abin da ka zata inuwa ce, layuka ne sirara, wasu a jere, wasu sun gitta juna, inda suka matsu wuri ya yi duhu, inda suka saki wuri ya yi haske.

Wannan sana'a tana cikin aljihunka ma. Ciro takardar naira dubu, ka shafa fuskar Aliyu Mai-Bornu da ɗan yatsa. Kaushin da ka ji tawada ce da ta fito daga ramukan allon ƙarfe ta zauna tsaye a kan takarda.

Hanya biyu ake bi a haƙa waɗannan ramuka. Ta farko ƙarfin hannu ce: a tura wani ɗan ƙarfe mai kaifi cikin allon jan ƙarfe, yana fitar da ɓarɓashi kamar mai fere. Ta biyu ita ce ta asid, kuma ita ta fi shafar wannan babi. A shafe allon da kaki, a ɗauki allura a yi zane a kan kakin kamar mai rubutu da alƙalami, duk inda allura ta bi ƙarfe ya bayyana. Sai a tsoma allon cikin asid, dangin ruwan batir ɗin nan da makanikai ke kaffa-kaffa da shi. Asid ya ci inda aka tone, ya bar inda kaki ya rufe. In an daɗe ramin ya yi zurfi, layin ya fito baƙi ƙirin. In an yi saurin cirewa ya fito siriri kamar gashi. Daga nan a wanke kakin, a cusa tawada cikin ramuka, a goge saman allon tas, a ɗora takarda mai laima, a bi ta cikin injin matsa. Takardar ce ke shiga ramukan ta tsotso tawadar. Komai kuma a juye yake fita, dama ta koma hagu, don haka dole mai zanen ya yi tunani irin na mai yanka hatimi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu gyaran ƙwarya ya riga ya ga rabin wannan aiki. A yanka zane a bayan ƙwarya, a shafa baƙi ko alli ya shiga yankan, a goge sama, zane ya fito. Matan Bura da Tera a kudancin Borno da maƙwabta suna yin nasu da wuƙa mai zafi daga wuta. Abin da ya rage kawai shi ne ba a taɓa matsa ƙwarya a kan takarda ba. Su ma Turawan ba a ɗakin zane suka samo dabarar ba, a maƙera suka same ta. Da asid ake yi wa kayan yaƙi ado, har wani mai irin wannan aiki a birnin Augsburg na Jamus, Daniel Hopfer, ya gwada buga zanen a takarda wajen shekarar 1500. Daga baya Rembrandt na ƙasar Holan ya yi alluna kusan 300 da ita, ya kai ta inda har yau ake zuwa koyo.

A Nijeriya, in aka ce allon ƙarfe da asid, suna ɗaya ke fara zuwa baki: Bruce Onobrakpeya. Ɗan ƙabilar Urhobo ne, an haife shi ranar 30 ga Agusta 1932 a Agbarha-Otor, cikin jihar Delta ta yanzu, mahaifinsa yana sassaƙa. To me ya kawo mutumin bakin teku cikin littafin da ke magana a kan Arewa? Zariya ce ta kawo shi. A 1957 ya shiga Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya da ke Samaru, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Malaman sashen zane galibinsu Turawan Ingila ne, kuma abin da aka koya musu a gida shi suke koyarwa. A watan Oktoba na 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Simon Okeke da shi Onobrakpeya. Daga baya aka riƙa ce musu 'yan tawayen Zariya, ko da yake tawayen nasu bai kai ga fasa ko taga ɗaya ba. Abin da suka ce shi ne za su karɓi dabarar Bature, amma abin da za su zuba a cikinta daga gida za su ɗebo shi. Kowa ya koma wajen kakanninsa. Uche Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo.

Abin da ke ɗan sosa mini rai shi ne, cikin waɗanda suka yi suna a ƙungiyar babu Bahaushe, babu Babarbare. A tsakiyar ƙasar Zazzau aka yi wannan yunƙuri, kusa da masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, kusa da gidajen da magina suka yi wa ado mai tudu da kwari a fuskar zaure, kusa da marina da dukawa, amma baƙi ne suka tsaya suka kalla da idon mai neman darasi. Mu da abin yake ƙofar gidanmu mun ɗauke shi bango ne kawai.

Da yawa daga cikinmu mun ga hannun Onobrakpeya tun ba mu san sunansa ba. Shi ya yi zane-zanen da ke cikin An African Night's Entertainment na Cyprian Ekwensi, wanda ya fito a 1962, littafin nan da labarinsa ya yi kama da na Jiki Magayi har aka daɗe ana cece-kuce a kai. Mun karanta labarin, mun wuce hotunan da sauri don mu ga yadda fansar za ta ƙare.

A Zariya fenti ya koya, kuma da fenti ya fara. Zane-zanensa na 1961 cike suke da dabbobi da iskokin tatsuniya, launuka masu ƙarfi, siffofi a murɗe kamar abin da yaro ke gani a mafarki bayan an ba shi labari da dare. Wanda ya fi shahara cikin na fentin shi ne na damisa a gonar masara, na 1965, wanda ya yi ta komawa kansa yana sake shi ta hanyoyi daban-daban. Ina son su, amma gaskiya ɗaya ce: a fagen fenti shi ɗaya ne cikin sa'o'insa. Grillo ya fi shi sanin launi, shuɗin nan nasa mai sirkin shunayya ba wanda ya kamo shi. Uche Okeke ya fi shi tsabtar layi. Buroshi yana son mutum mai shimfiɗa abu a sarari, shi kuwa ɗan masassaƙi ne, hannunsa tono yake so. Ko a zanen fentin za ka ga yana cika kowane lungu da ƙananan alamu kamar wanda ke jin haushin fili.

A farkon shekarun 1960 ya halarci bitar da Ulli Beier ya shirya a Ibadan da Oshogbo, inda wani ɗan ƙasar Holan mai suna Ru van Rossem ya koyar da aikin allo. Onobrakpeya yana koyarwa a kwalejin St. Gregory da ke Legas, yana gwaje-gwajensa a gefe. A 1967 asid ya ɓata masa wani allo, ya cinye shi fiye da yadda ake so. Allo kuwa da tsada. Maimakon ya yar, sai ya cike ramukan da Araldite, gam ɗin nan da ake liƙe lagireto da shi. Da gam ya bushe ya bar tudu da kwari, ya shafa tawada ya buga, sai takardar ta fito da wani irin zurfi da bai taɓa gani ba. Ɓarnar ta zame masa gobarar Titi. Daga nan ya riƙa zuba gam ɗin da gangan a kan allo, ya sassaƙe shi in ya bushe, ya sa wa dabarar suna plastograph. Bai tsaya nan ba. Ledar shimfiɗar ɗaki da ya yanka ya gama bugu da ita, sai ya shafe ta da ruwan tagulla ya rataye ta ita ma. Ya riƙa zuba gam a kan allo ya ɓamɓaro siffar, ya riƙa danna fallen ƙarfe mai laushi a kai har ya ɗauki zanen. Ta haka allon da a Turai ake ɓoyewa a bayan fage ya fito gaba ya zama shi ne abin kallo.

Yaya ake kallon irin wannan aiki? Ni dai yadda nake kallon hular Bama nake kallon sa. Mai sayen hula a kasuwar Monday Market ba ya tsayawa daga nesa ya ce ta yi. Yakan fara hango tsarin launin, sannan ya ɗauko ta ya juya, ya duba matsin zaren, ya leƙa ciki ya ga ko hannu ɗaya ne ya fara ya gama. Haka za ka yi. Daga nesa za ka ga manyan siffofi, mutane a tsaye ko a jere, ko itace, ko dabba. Matso kusa sai siffofin su narke, su zama ɗigo da zobe da gicciye da ƙananan fuskoki a cikin manya. In haske na zuwa ta gefe za ka ga takardar kanta ta kumbura a wasu wurare, kowane layi da 'yar inuwarsa, kamar adon bangon zaure da hantsi. Duba gefe, akwai shatin da bakin allo ya bari. Duba ƙasa, akwai sa hannu da fensir, da lamba irin 7/30, wato bugu na bakwai cikin talatin. Kada lambar ta sa ka ce kwafi ne. Kowane ɗaya sai da aka cusa masa tawada da hannu aka goge da hannu, kuma in ka jera biyu za ka ga ba su zama ɗaya ba, kamar yadda Alƙur'ani biyu daga hannun mahaddaci ɗaya na Borno ba sa zama ɗaya.

Aikinsa da ya fi shafar mu shi ne jerin da ya yi tsakanin 1985 da 1988, ya kira shi Sahelian Masquerades, wato Dodannin Sahel. Duk wanda ya yi wayo a Borno a lokacin ya san abin da ya haifar da shi. An sha farin 1972 zuwa 1974, ba a gama farfaɗowa ba na 1983 zuwa 1985 ya sauko, ga cutar bushiya ta shiga shanu a 1983 ta yi musu kisan kiyashi. Tafkin Chadi, wanda a farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, ya tsuke har bai kai kashi ɗaya cikin goma na hakan ba. Babbar hanyar ruwan da aka haƙa don noman rani a yankin Marte ta wayi gari bakinta a kan busasshiyar ƙasa, ruwan ya gudu ya bar ta. Ina yaro lokacin, abin da na riƙe shi ne baƙin fuskoki a unguwa, mutane da rawani har ido suna zaune a gindin dalbejiya da 'yan ƙullin kayansu, da yadda iyayenmu mata ke ƙara ruwa a tukunya.

Wannan ne ya kai Onobrakpeya, yana Legas, ya waiwayo Arewar da ya baro shekara ashirin da wani abu. Abin da ya fitar dogayen siffofi ne a tsaye, a lulluɓe, jikinsu duk ado, wasu a takarda, wasu a fallen ƙarfe mai walƙiya, wasu a jere kamar ginshiƙai. Ranar da na fara ganin hotunansu a littafi sunan ne ya fara tsaya mini a wuya. Dodo a wajenmu abin tsorata yara ne, ko abin da aka baro a maguzanci. Mutumin da ya ja amawali ya rufe hanci ƙura yake karewa, kuma mutunci yake nunawa. Sai daga baya na gane cewa a ƙasar Urhobo mai shigar dodo babban baƙo ne daga wata duniya, ana share masa fili, ana yi masa kiɗa. Da ya ce mana dodanni, girman da ya fi kowane a harshensa ya ba mu. Duk da haka da ni aka yi shawara da wani sunan na zaɓa.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma na daɗe ina juya shi. Ayyukan sun yi kyau da yawa. Francisco Goya na Sifen, cikin allunansa na bala'in yaƙi da ya yi tsakanin 1810 da 1820, ya keɓe wani kaso ga yunwar da aka yi a Madrid a 1811 da 1812, kuma in ka kalle su abinci ba zai yi maka daɗi ba ranar. Shi asid ya sa ya ci ƙarfe kamar yadda yunwa ke cin mutum. A wajen Onobrakpeya kuwa ido na shagala da ado, har mai kallo a Legas ko Landan na iya rataye fari a falonsa ya ji daɗi. Wannan gaskiya ne. Amma na tuna irin hotunan da kyamarorin ƙasashen waje suka ɗauka a Sahel a shekarun nan: haƙarƙari a waje, ƙuda a ido, uwa da ɗa babu suna. Duniya ta ga tsiraicinmu har ta gaji. Shi ya ƙi tuɓe mu. Ya zana mutanen da suka rasa shanu amma ba su rasa rawani da munduwa da zanen ƙwarya da sirdin raƙumi ba, kuma haka na san su a gindin dalbejiyar nan, mutum bai ci ba tun jiya amma rigarsa a wanke. Tsakanin shi da Goya ba zan ce ya kai Goya ba. Tsakanin shi da Finden kuwa babu haɗi, domin ɗaya ya sassaƙa abin da aka ba shi labari, ɗaya ya sha ƙurar hunturun Samaru shekara biyar. Bayan shekara biyu da kammala jerin, a 1990, aka nuna ayyukan Onobrakpeya a babban baje kolin Venice tare da na El Anatsui.

Na san cikin masu karatu akwai waɗanda ba sa rataya siffar mai rai a ɗaki. Wannan magana ce ta malamai, ba zan sa baki ba. Sai dai ko su suna da rabo a wajen mutumin nan. Daga ƙarshen shekarun 1970 ya ƙirƙiro wasu alamomin rubutu nasa da ya kira Ibiebe, kowace alama tana ɗauke da ma'ana daga hikimar Urhobo, ya riƙa jera su layi-layi a allo. Wanda ya saba ganin zayyana a allon mai sauka zai tsaya a gabansu ba tare da wani ya yi masa bayani ba.

Yau ayyukansa suna gidan tarihin Vatican a Rum, suna Smithsonian a Washington, suna Tate a Landan. A 2006 aka ba shi lambar taska mai rai da hukumar UNESCO ke ɗaukar nauyinta, a 2017 ya karɓi lambar yabo ta ƙasa ta masana, ya cika shekara 90 a 2022 yana kan aiki. Ni dai ban taɓa cin karo da ko ɗaya daga cikin Dodannin Sahel a bango a Maiduguri ba, garin da ya fi kowane gari a Nijeriya cancantar ganin su. Da sashen zane na Jami'ar Maiduguri da hukumar al'adu ta jiha za su haɗa kai su aro ko guda goma na wata ɗaya, su jera su kusa da ƙoren Biu da hulunan Bama da bugun Finden na 1826, da an ga abin da nake ta faɗa ba tare da dogon bayani ba.

Ku kuma samari masu rubuta allon shago da masu zana hula a Gwange da Bulumkutu, ba sai kun jira jan ƙarfe da asid ba. Guntun ledar ɗaki da wuƙa da tawada da bayan cokali sun isa bugun farko. Tun 1998 Onobrakpeya ya kafa wata bitar shekara-shekara a garinsu, ya raɗa mata sunan iskar hunturu, Harmattan Workshop, kuma ana karɓar mai digiri da wanda ya koya a bakin titi. Galibi wajen watan Fabrairu ake yin ta, a Agbarha-Otor, kusa da Ughelli.